Iyali mai yara huɗu a Bronx za su rasa ɗaki ƙarshen wata, yaya ake shiga shelta, matsugunin marasa gida?

Maƙwabcin Tremont

Assalamu alaikum jama'a. A madadin wani iyali 'yan uwanmu a nan Bronx, birnin New York, nake wannan tambaya. Miji da mata ne da yara huɗu. Uku nasu ne: 'yar shekara 9, ɗan shekara 6 da jaririya. Ta huɗun 'yar shekara 12 ce, 'yar yayar matar, riƙonta suke yi. Watansu 14 suna haya a ɗaki ɗaya cikin gidan wani, kuɗi hannu da hannu, ba takarda ba rasit. Yanzu mai ginin ya gano yawan mutanen da ke ciki ya rubuto wa wanda sunansa ke kan takardar hayar, shi kuma ya ce su tashi ƙarshen wata. Aurensu a gida aka ɗaura, ba su da takardar aure. Mijin aikin dare yake yi.

Ina ake zuwa, me ake ɗauka? Gaskiya ne ana korar mutane a ce ba su cancanta ba? Matar tana tsoron a raba ta da mijin ko a karɓe yaran. Wanda ya san hanyar don Allah ya taimaka.

Malam Na-Concourse

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya kawo musu sauƙi. Abu na farko da za ka gaya musu yau ɗin nan: kada su kwashe kaya don kawai an ce ƙarshen wata. A birnin New York duk wanda ya zauna a gida kwana 30 a jere, ko da ba shi da takardar haya, ba a fitar da shi sai ta kotu. Canza makulli, fitar da kaya waje, yanke wuta ko ruwa don a matsa masa, duk laifi ne, kuma ana iya kiran 911 a kai. Tunda suna biyan haya kuma sun wuce shekara ɗaya amma ba su kai biyu ba, sanarwar kwana 60 a rubuce ta wajaba kafin ma a kai ƙara Kotun Gidaje. Ƙasa da shekara kwana 30 ne, sama da shekara biyu kwana 90. Ko alƙali ya yanke hukunci, mashal ko sherif, wato jami'in zartar da hukuncin kotu, shi kaɗai ke fitar da mutum, shi ma sai ya ba da sanarwar kwana 14. Ban ce su yi rigima da wanda ya ba su wuri ba, shi ma a matse yake. Amma su san suna da lokaci, kuma wannan lokacin ne za su haɗa takardu da shi.

Cikin makon nan su kira 311, lambar hidimomin birni, su nemi ofishin Homebase na unguwarsu. Shiri ne da birnin ya kafa tun 2004 don tare iyali kafin su faɗa shelta: sasanci da mai gida, neman tallafin haya, haɗa mutum da lauya. Idan aka kai su kotu, tun 2017 akwai dokar da ta ba masu ƙaramin ƙarfi damar samun lauya kyauta a shari'ar kora daga gida. Su je kotun ranar da aka sa, su ce suna son lauya, kada su sa hannu a kowace yarjejeniya a barandar kotu kafin lauya ya gani.

In duk wannan bai hana fita ba, iyali mai yaro ɗan ƙasa da shekara 21, ko mai ciki, ƙofa ɗaya ce gare su a duk birnin, wato PATH, ofishin karɓar iyalai marasa gida, lamba 151 a titin East 151st, nan Bronx. Jirgin ƙasa na 2, 4 ko 5 zuwa tashar 149th Street–Grand Concourse, sai ɗan tafiya a ƙasa. Hukumar DHS, mai kula da marasa gida a birnin, ke gudanar da shi, a buɗe yake dare da rana har ranakun hutu. Ba a zuwa shelta kai tsaye a ƙwanƙwasa ƙofa, ko da tana kusa da gidanka, sai ta PATH. Su isa da sassafe. Wanda ya zo da yamma yawanci wurin kwana ɗaya ake ba shi, washegari a dawo da shi a ci gaba. Yini guda ake yi ana bin tebur bayan tebur, don haka a tafi da madarar jaririya, famfas, maganin da wani ke sha, cajar waya da kayan sawa na 'yan kwanaki. Manyan kaya ba sa shiga. HRA, hukumar tallafin jama'a ta birnin, tana iya biyan kuɗin ajiyar kayan ɗaki a sito ga wanda ya cancanta, sai an tambaya.

Dalilin da ya sa ba za a bar su a titi ba: New York na da haƙƙin samun makwanci da kotu ta tabbatar. Ya faro daga ƙarar Callahan ta 1979 da yarjejeniyar 1981 kan maza marasa iyali, hukuncin McCain na 1986 ya shigo da iyalai masu yara, aka kuma kulle maganar da yarjejeniya a 2008. Amma haƙƙin na wanda ba shi da wani wurin zama ne, kuma DHS ce ke binciken ko da gaske babu. Shi ya sa wurin da za a fara ba su na sharaɗi ne, har zuwa kwana 10, kafin a fitar da hukunci.

Wani abu daban: wanda gobara ta tasa, ko hukuma ta manna takardar a fice daga ginin, kamar yadda ake yawan yi wa ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, hanyarsa ta Red Cross da hukumar gidaje ta birnin, HPD, ce. Wannan bai shafi iyalin nan ba, na faɗa ne don mai karatu.

Hajiya Mai Takardu

Malam ya kawo hanya. Ni kan waɗannan kwana 10 zan tsaya, don a nan mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma ba don sun yi ƙarya ba.

PATH za ta nemi tarihin zama na shekara 2 cif: kowane adireshi, ranar shiga, ranar fita, sunan wanda ke riƙe da gidan, lambar wayarsa, da dalilin tashi. Daga nan masu bincike su kira waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci su je gidan da kansu su ƙirga ɗakuna da gadaje. Hanya biyu ake ƙin iyali. Ko a ce ba su ba da haɗin kai ba, wato an samu giɓi a tarihin ko an kasa tabbatar da wani adireshi. Ko a ce suna da wurin komawa.

To ga inda kara ke cutar da mu. Baƙo ya kira Bahaushe a waya ya ce, wane da iyalinsa za su iya dawowa gidanka? Bakinsa ba zai iya furta a'a ba. Sai ya ce ai gida nasu ne, ko a tsakar ɗaki ma kwana. A wurinmu wannan mutunci ne, kowa ya san ba gayyata ba ce. A fayil ɗin mai bincike kuwa an rubuta cewa akwai wurin zama, an gama. Wasu kuma da sun ga lambar da ba su sani ba ba sa ɗauka, ko su ji an ce hukuma su ce ba su san mutumin ba, saboda tsoron takardunsu ko hayarsu. Wannan shi ke zama giɓi. Don haka kafin a je PATH, mijin ya zauna da kowane mutum da zai ambata, ya gaya masa za a kira, ya roƙe shi ya ɗauki waya ya faɗi gaskiya tsagwaronta: sun zauna daga wata kaza zuwa wata kaza, ba za su iya dawowa ba, ga dalili. Ba ƙarya ake so ya yi ba. Kunyar ce kawai zai ajiye na minti biyar.

Dalilin ma ya zama wanda ake iya gani a takarda. "Ba ma jituwa" ba ya da nauyi sosai. Wasiƙar mai gini da ke barazanar soke haya tana da nauyi, kuma ka ce akwai ta, to a yi kwafinta. Cunkoso ma dalili ne: dokar gidaje ta birnin ta tanadi ƙafa murabba'i 80 ga kowane mutum, don haka a rubuta yawan ɗakuna da yawan masu kwana. In gidan na NYCHA ne, wato gidajen gwamnati, ko na Section 8 da gwamnati ke tallafa wa haya, ƙara mutanen da ba sa cikin takarda na iya jawo wa mai gidan asarar gidansa, a faɗi hakan ƙarara.

Rashin rasit ba ƙarshen magana ba ne. Duk abin da ke ɗauke da suna, adireshi da kwanan wata shaida ne: wasiƙar makarantar yara, takardar asibitin da aka haifi jaririyar, katin rigakafi, wasiƙun Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati) ko WIC (tallafin abincin uwa da yara), bayanin banki, takardar albashi, bil ɗin waya, katin shaida na birni wato IDNYC. Wata 14 a wannan ɗaki, saura wata 10 na baya. In a lokacin matar da yaran suna gida Afirka, hatimin shigowa a fasfo da tikitin jirgi su ne shaida. A ɗauki takarda ɗaya a jera watanni 24 daga sama zuwa ƙasa, a gaban kowane wata a rubuta inda aka kwana. Ko mako biyu aka yi a wurin wani, a sa. Miji da mata su karanta ta tare har ta zauna musu, don in an tambaye su daban-daban ranaku suka saɓa, ana ɗauka ɓoye-ɓoye ne.

Na shaidar kai kuma: katin shaida mai hoto na manya, takardun haihuwar yara duka, katin Social Security ga mai shi, katin Medicaid, da takardar albashin mijin ta kwanan nan. A ɗauki hoton kowace takarda a waya kafin a miƙa, a kuma rubuta sunan wanda ya karɓa da ranar.

In aka ƙi su, za a ba su takarda mai ɗauke da dalili. Kada a yar da ita. Ana iya sake nema nan take, ana iya neman zama da lauyan hukumar a PATH a kawo sabuwar shaida, ana kuma iya neman sauraron ƙara na jiha, wanda suke kira Fair Hearing, cikin kwana 60. Iyalai da yawa sai a nema na biyu ko na uku ake amincewa da su, ba abin karaya ba ne. Amma kada a koma da fayil iri ɗaya a sa ran hukunci daban. A karanta dalilin, a toshe wannan ramin. Coalition for the Homeless da Legal Aid Society suna duba irin waɗannan takardu kyauta, a kai musu tun daga ƙin farko.

Maƙwabcin Tremont

Allah ya saka da alheri Malam, Hajiya. Na karanta musu. Saura maganar auren da yarinyar riƙo. Sannan matar ba ta jin Turanci, kuma takardunta na zama ba su kammala ba. Wannan zai hana?

Baban 'Yan Biyu

Ba zai hana samun makwanci ba. Shiga shelta a birnin nan ba a rataye yake kan takardun zama ba. Inda takardu ke shigowa shi ne wajen fita, wato tallafin haya da tallafin kuɗi. Za a matsa musu su buɗe fayil na tallafi a HRA, don yana cikin sharuɗɗan zama. Kafin su sa hannu kan tallafin kuɗi da sunan wanda maganar takardunsa ke gaban hukumar shige da fice, su ga lauyan wannan fanni, domin ƙa'idojin sukan sauya da sauyin gwamnati a Washington. Lauya na gaske, ba mai cike fom a bayan shago ba. African Services Committee a Harlem na ɗaya daga wuraren da 'yan Afirka ke samun irin wannan shawara. Yaron da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne, ana iya nema masa tallafi da sunansa.

Harshe: tana da haƙƙin tafinta kyauta. Dokar birnin ta 2017 ta sa hukumomi fassara muhimman takardu cikin harsuna 10, ciki da Faransanci da Larabci, wanda ke taimakon 'yan Nijar. Hausa ba ta cikin goman, amma ana samun tafinta ta waya. Ta ce "Hausa" tun a tebur na farko, ta tsaya a kai ko za a jira. Kada a sa yarinyar 'yar shekara 12 ta yi tafinta, kada kuma mijin ya riƙa amsawa a madadinta. Za a keɓe ta a yi mata tambaya kan ko ana dukanta ko tsorata ta a gida. Kowa ake yi wa, ba zargin mijin ake yi ba. Akwai ma'aikatan NoVA, masu kula da matsalar cin zarafi a gida, a PATH don wannan, kuma macen da ke cikin irin wannan hali tana da matsuguni na daban mai ɓoyayyen adireshi.

Aure: hukumar ba ruwanta da an ɗaura ko ba a ɗaura ba, takarda take nema da ke nuna iyali ɗaya ne. Takardar haihuwar yaro mai ɗauke da sunan uwa da uba ita ce ta fi sauƙi, kuma ta jaririyar da aka haifa a nan ta fi saurin karɓuwa. In sunan uban ba ya kai, a gyara tun yanzu. In akwai takardar ɗaurin aure daga kotu ko masallacin gida, a kawo ta da fassarar Turanci. In babu ko ɗaya, ofishin City Clerk na ba da lasisin aure a kan dala 35, ana jira awa 24 kafin a ɗaura na hukuma. Iyali mai yara ɗaki ɗaya ake ba su tare, ba a kai miji wani wuri mata wani wuri muddin an tabbatar da dangantakar.

Yarinyar riƙon ce ta fi buƙatar shiri. A wurinmu 'yar yayarki 'yarki ce, ba mai tambaya. A PATH za a tambaya, wace ce ita, ina iyayenta, wa ya ba ku ita. A tanadi takardar haihuwarta, wasiƙar iyayenta mai hatimin notari da ke cewa sun damƙa ta, takardun makaranta da na asibiti da ke nuna matar ce mai kula da ita, da duk abin da ke nuna uwarta da matar 'yan uwa ne. Mafi ƙarfi shi ne a shigar da buƙatar riƙo a Kotun Iyali ta Bronx, ko kwafin buƙatar da aka shigar yana nuna an kama hanya. Abin da bai kamata ba sam shi ne a ce 'yar cikinsu ce. Takardar haihuwa za ta tona, daga nan kuma duk abin da suka faɗa ya zama abin shakka.

Ka kwantar wa matar da hankali kan karɓe yara. Rashin gida shi kaɗai ba sakaci ba ne a dokar New York. Abin da ke jawo hukumar ACS mai kare yara a cikin shelta shi ne barin ƙananan yara su kaɗai a ɗaki, duka, da yawan fashin makaranta. Ma'aikatan wurin doka ta tilasta musu kai rahoto. Tunda mijin dare yake aiki, in matar za ta sauka ko wanki ne, ta tafi da ƙananan.

Malamar Firamare

A kan makaranta kawai zan ƙara. Dokar tarayya ta McKinney-Vento, ta 1987, ta ba yaro marar tsayayyen gida zaɓi biyu: ya ci gaba a makarantarsa ta da, da sufuri kyauta, ko ya shiga ta kusa da inda aka sauke su nan take, ko babu takardar adireshi ko ta rigakafi a hannu. A birnin nan yaran shelta daga kindagatin zuwa aji 6 suna da damar motar makaranta, manya kuma katin jirgi da bas. DHS na ƙoƙarin sauke iyali a yankin makarantar ƙaramin ɗalibinsu, amma ba kullum ake samu ba, iyalin Bronx na iya tsintar kansu a Queens. Shawarata kada a yi gaggawar sauya makaranta a kwana 10 na farko, wurin na iya canzawa. Motar takan ɗauki kwanaki kafin ta fara zuwa, a nemi katin sufuri na uwa da yaro a cike giɓin.

Su gaya wa makaranta tun yau. Iyalin da ke cunkushe a gidan wani saboda rashin hali sun riga sun shiga ƙarƙashin dokar, ba sai sun je shelta ba. Ba abin kunya ba ne: shekaru da dama a jere ɗaliban birnin nan sama da 100,000 ne ke cikin wannan hali kowace shekara. Ma'aikaciyar jin daɗin ɗalibai kuma za ta iya rubuta wasiƙar adireshin da Hajiya ta ambata.

Hajiya Mai Takardu

Baban 'Yan Biyu, maganarka ta aikin dare ta tuna min. Kowace shelta na da lokacin rufe ƙofa da rajistar shiga da fita. Mijin ya kai wasiƙar wurin aiki mai nuna awanninsa a ranar farko, a ba shi izinin dawowa a makare. Kwana a waje ba izini, ko don suna ko rasuwa ne, na iya sa a cire su daga ɗakin, sai an koma PATH daga farko. Baƙi ma galibi ba sa shiga ɗaki, a sanar da dangi.

Wurin iri biyu ne. Akwai shelta ta iyali sosai, ɗaki da banɗaki da ɗan kicin. Akwai otal da birnin ya kama haya, inda ba a girki sai abincin da aka kawo. In otal aka kai su, su nemi abincin halal a rubuce, su riƙe kwafi. Mai ciwon suga, asma ko wanda ba ya iya hawa bene ya kawo takardar likita ya nemi a daidaita masa wuri.

Zaman yakan kai wajen shekara, wani lokaci ya wuce, don haka a fara maganar fita tun makon farko. Babbar hanyar ita ce CityFHEPS, baucan haya, wato takardar tallafin biyan haya, da aka kafa a 2018. Kuɗin shigar iyali kada ya wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya, mai aiki na biyan kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu, birni ya cika sauran. Dā sai an yi kwana 90 a shelta kafin a nema, an soke wannan a 2023. Jami'in gidaje na wurin zai ba su wasiƙar da ke nuna iyakar kuɗin hayar da aka amince musu, da ita ake yawon neman gida. Su riƙa duba ranar ƙarewarta, don tana mutuwa, kuma gida kan kuɓuce ana jiran sabuntawa. Bayan an samu gida sai an duba lafiyarsa, sai mai gida ya cike nasa fom, kuskuren harafi ɗaya a suna ko adireshi na iya mayar da fayil baya da makonni, don haka a karanta kowane shafi kafin a miƙa. Dillali ko mai gida da ya ce ba ya karɓar bauca ya karya doka a mafi yawan gidajen birnin, tun 2008 aka hana wannan. A ajiye saƙon da ya turo ko a rubuta ranar da lokacin kiran, a kai wa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta birnin ta 311. Kuma kada su ba kowa kuɗin kama gida kafin jami'in ya ga takardar hayar.